Yadda Ake Zaɓen Maratayin Bindigar Farauta Wanda Zai Tsayar da Hannu Lokacin Harbi

Maharbi da yawa idan ya tashi sayen maratayin bindiga, kafaɗarsa kawai yake tunawa. Yana son abu mai faɗi, mai laushi, wanda ba zai ci masa fata ba idan ya wuni yana ratsa daji. Wannan buƙata ce ta gaskiya, domin raifil ɗin farauta da madubin saiti a kansa yakan kai kilo uku da rabi zuwa huɗu da rabi, kuma nauyin da bai dame ka da hantsi ba zai dame ka da la'asar. Sai dai maratayi yana da aiki na biyu, wanda shi ne ɗaure bindiga da damtsen mai harbi domin rage rawar bakinta, kuma wannan aikin ne ke iya raba tsakanin kayar da dabba da harbi ɗaya da kuma barin ta ta shige kurmi da rauni. Abin da ke rikita mai saye shi ne, siffofin da ke sa maratayi ya yi daɗin rataya, wato laushi da miƙewa da kauri, su ne suke hana shi tsayar da hannu.

Bayanin da ke tafe ya shafi raifil ne, wato bindigar da ke jefa harsashi guda ɗaya zuwa nesa, wadda cikin bututunta ke da zare mai murɗa harsashi. Mai bindigar gargajiya ko mai baki biyu da ke harbin zabi da fakara yana bin tsuntsu ne da bakin bindiga yana juyawa, don haka ɗaure damtse ba zai ƙara masa komai ba sai takura. Shi maratayinsa na ɗauka ne kawai. Kuma tun da a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi ga mai riƙe bindiga, kuma an hana farauta a gandayen daji irin su Yankari da Gashaka-Gumti, ana ɗauka cewa mai karatu ya cika waɗannan sharuɗɗa a duk inda yake farauta. An kuma ɗauka cewa da hannun dama yake jan kunama. Bahago sai ya juya bayanin.

Fahimtar abin da maratayi ke yi

Idan ka ɗaga bindiga da hannun hagu ba tare da wani tallafi ba, tsokar damtse da ta gaban hannu ce ke riƙe da nauyin. Tsoka kuwa ba ta tsayawa cak. Tana karkarwa kaɗan-kaɗan, kuma karkarwar tana ƙaruwa idan mutum ya gaji, ko ya yi gudu, ko zuciyarsa na bugawa saboda ganin dabba. Maratayin harbi yana zagaye saman damtsen hagu ya tafi kai tsaye zuwa gaban bindiga, sai ya zama gefe na uku na kusurwar da damtse da gaban hannu suka yi, kamar sandar da ake gicciyawa a kusurwar rumfa don kada ta karkace. Da zarar ya ɗame, gwiwar hannu ba za ta iya buɗewa ba, nauyin bindiga ya koma kan ƙashi da fata, tsoka ta samu sakewa. Ƙari a kan haka, jan da maratayin ke yi yana danna gindin bindiga cikin kafaɗa, wanda ke sa bindigar ta dawo kan saiti da wuri bayan ta yi naushi, wato turowar da take yi baya idan aka harba.

Amma akwai sharaɗi guda wanda duk zaɓin ya rataya a kansa: dole gwiwar hannun hagu ta samu inda za ta dogara. A kwance rub da ciki, ƙasa ce madogara. A zaune ko a durƙushe, ƙafa ce. Wanda yake tsaye gwiwar hannunsa na lilo a iska, kusurwar nan tana nan a kulle, amma gaba ɗayanta na yawo daga kafaɗa, saboda haka amfanin da zai samu kaɗan ne. Jeff Cooper, tsohon jami'in sojan kundumbalar ruwa na Amurka wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a jihar Arizona, ya daɗe yana nanata wannan batu, kuma duk wanda ya gwada a gaban allo zai ga gaskiyarsa.

Mataki na farko: dubi dajin da kake shiga

Kafin ka duba kowane maratayi, tambayi kanka a wane irin zama kake yawan yin harbi. Wanda ke farauta a fili mai gajeriyar ciyawa ko a kan tsaunuka, inda dabba ke hango mutum daga mita ɗari biyu, yana da damar zama ko kwanciya, kuma shi ne maratayin harbi ya fi yi wa rana. Wanda ke cikin ciyawar da ta kai ƙugu ko ta fi, ba zai ga komai ba idan ya zauna. Wannan ne ya sa a yankunan farauta masu lasisi na arewacin Kamaru, a kewayen Garwa da kwarin Binuwai da Faro, inda ake bin gwanki da kanki da ɓauna, mafi yawan harbi a tsaye ake yin sa a kan sanduna uku da aka ɗaure kansu wuri guda. A irin wannan wuri sandunan su ne babban tallafi, maratayi kuwa ya zama na ɗauka, kuma ƙwararrun jagororin farauta sukan cire shi gaba ɗaya idan za a bi ɓauna mai rauni cikin sarƙaƙiya, don kada ya maƙale a ƙaya a lokacin da daƙiƙa ɗaya ke da tsada.

Sai ka dubi lokaci. Akwai maratayin da shigarsa, wato zura hannu cikinsa don harbi, ke cin rabin minti, akwai wanda ke cin daƙiƙa biyu ko uku. Idan kwanton ɓauna kake yi kusa da mashaya, kana da lokacin shiryawa tun kafin dabba ta iso. Idan kuwa bin sawu kake yi, dabba kan tsaya ta waiwayo na ɗan lokaci ne kawai, kuma maratayin da ba ya shiga da sauri tamkar babu shi ne.

Mataki na biyu: bincika bindigar kanta

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, alhali shi ne ke nuna ko bindigarka za ta karɓi ɗamammen maratayi ko ba za ta karɓa ba. Fara da cire harsashi, ka buɗe ɗakinsa ka duba da ido ka kuma taɓa da yatsa. Sa'an nan ka dubi inda ƙugiyar gaba take, wato ƙarfen da ake maƙala maratayi a jikinsa. A yawancin bindigogin farauta, an ɗaura wani sukuru mai huji a kai a cikin itacen gaba, wani kuma kusa da gindi. A wasu kuwa, musamman manyan bindigogin farautar Afirka irin masu harsashin .375 H&H da .416 Rigby, ƙugiyar gaba a jikin bututu take, a kan wani zoben ƙarfe da ya zagaye shi. An yi haka ne don kada sukurun ya yanki hannun hagu lokacin naushi mai ƙarfi, kuma don bakin bindiga ya sauko ƙasa idan an rataya, ya daina kama rassa. Dabara ce mai kyau ga ɗauka, amma idan ka ɗame maratayi a kan irin wannan ƙugiya, bututun kansa kake ja, kuma ko da lanƙwasar ba ta ganuwa da ido, ta isa ta sauya inda harsashi zai sauka. Mai irin wannan bindiga ya nemi maratayin ɗauka mai ƙwari ya dogara da sanduna.

Idan ƙugiyar a itacen gaba take, sai ka gwada ko bututun yana taɓa itacen. Bindigogin zamani da yawa an ƙera su ne ta yadda akwai ɗan rata tsakanin biyun tun daga gaba har kusa da ɗakin harsashi. Ɗauki takardar kuɗi ka naɗa ta ƙarƙashin bututu, ka ja ta baya. Idan ta wuce ba tare da tsayawa ba, ratar tana nan. Yanzu sai ka sa wani ya ja ƙugiyar gaba zuwa ƙasa da hagu da ƙarfi kamar yadda maratayi zai ja, ka sake zura takardar. A bindigogi masu araha da aka yi jikinsu da roba marar ƙwari, za ka ga takardar ta maƙale a gefe guda, domin robar ta lanƙwashe ta taɓa ƙarfen. Wannan alama ce cewa ɗamammen maratayi zai karkatar da harbinka. Maganinsa ko dai a ƙara faɗin ratar a wajen mai gyaran bindiga mai lasisi, ko a sauya jikin da mai ƙwari, ko kuma ka haƙura da ɗamewa mai tsanani.

A ƙarshe ka ƙirga wuraren maƙalawa, biyu ne ko uku, kuma ka auna faɗin bakin ƙugiyar. A Amurka faɗi biyu ne suka yi fice: inci ɗaya, wato kusan milimita 25, da inci ɗaya da kwata, kusan milimita 32. Bindigogin Turai da dama suna zuwa da ƙugiya mafi ƙanƙanta. Maratayin milimita 32 ba zai shiga ƙugiyar milimita 25 ba, kuma siriri a cikin faffaɗar ƙugiya yakan zame gefe ya nannaɗe.

Mataki na uku: zaɓi iri

Mafi sauƙi shi ne maratayi na kowa da kowa, igiya guda daga gaba zuwa gindi. Da shi ake yin abin da ake kira shigar gaggawa: ka zura hannun hagu tsakanin maratayi da bindiga har ya wuce gwiwar hannu, ka dawo da hannun ta ƙarƙashinsa ka naɗe shi a wuyan hannu, sa'an nan ka kama itacen gaba. Maratayin zai ratsa ƙirji ya danne bayan damtse. Yana rage lilon igiya, yana kuma sa bindiga ta manne da jiki, amma tun da jan yana tafiya har gindin bindiga maimakon ya tsaya a damtse, bai kulle kusurwar hannu sosai ba. Taimakonsa matsakaici ne, kuma yana buƙatar a daidaita tsawon igiyar don harbi, ko da ya ɗan yi gajere ko tsawo ga rataya.

Uban maratayan harbi shi ne samfurin 1907 na sojan Amurka, wanda aka yi amfani da shi a kan bindigar Springfield ta 1903 da kuma M1 Garand, kuma har yau masu gasar harbi a Camp Perry da ke jihar Ohio suna amfani da shi. Fata ce mai faɗin inci ɗaya da kwata, gida biyu, doguwa da gajeriya, kowacce da jerin huji biyu-biyu da ƙugiyar ƙarfe mai farce biyu, sai kuma zobban fata biyu masu zamewa waɗanda ake turowa su matse zoben damtse. Babu maratayin da ya fi shi tsayar da bindiga idan an shiga shi daidai. Aibinsa ga mafarauci guda uku ne: yana da nauyi, haɗa shi na rikita sabon shiga, kuma shigarsa na cin lokaci. Daga baya sojojin suka samu wani na saƙar auduga mai ƙarfen matsewa, wanda ya fi sauƙi da araha, kuma yana yin zoben damtse mai kyau, sai dai sai an cire ƙugiyar baya kafin a shiga shi, kuma ƙarafansa na ƙara idan suka bugi jikin bindiga. Kanar Townsend Whelen, sojan Amurka kuma mafarauci, ya rage wa samfurin 1907 nauyi ta hanyar mayar da shi fata guda da ake ɗaurewa da tsirkiya, kuma har yanzu ana ɗinka maratayi da sunansa.

Matsalar lokaci ita ce ta haifar da iri na gaba. Wani mutumin Guatemala, Carlos Widmann, ya nuna wa Cooper wani tsari inda ake cire ƙarshen maratayi daga gindi a maƙala shi a wuri na uku, daf da gaban ɗakin harsashi, sai ya zama zobe buɗaɗɗe wanda hannu ke shiga nan take. Aibinsa shi ne sai an sauya wurin maƙalawa tsakanin ɗauka da harbi. A tsakiyar shekarun 1980 Eric Ching, ɗaya daga cikin ɗaliban Gunsite, ya warware wannan da ƙara gajeriyar igiya daga wuri na ukun zuwa jikin doguwar, tana zamewa har ta tsaya a wani maɓalli. Da wannan tsari bindiga na rataye yadda aka saba, kuma zoben damtse na nan a buɗe ko da yaushe. Bindigar Steyr Scout, wadda aka ƙera bisa shawarwarin Cooper, tana zuwa da wuraren maƙala irin wannan maratayi. Ga sauran bindigogi sai an huda itace an ƙara sukuru na uku, kuma ba kowa ne ke son a taɓa masa itacen bindiga mai tsada ba.

Saboda haka aka fito da waɗanda ke ba da buɗaɗɗen zobe da wuraren maƙalawa biyu kacal. Akwai Safari Ching na kamfanin Galco, wanda ya rabu biyu a tsakiya da wata gajeriyar fata da ke kama bayan damtse, akwai kuma wanda ake kira Rhodesian, inda rabin gaba na maratayin ninki biyu ne da ke buɗewa ya zama zobe. A ganina, ga mafaraucin da ke tafiya da ƙafa kuma bindigarsa na da ƙugiya biyu a jikin itace, wannan rukuni ne ya fi dacewa. Bai kai samfurin 1907 kullewa ba, tun da zoben ba ya matse damtse, yana riƙe ne muddin akwai ja, amma bambancin ƙarami ne a nisan da ake harbin dabba, kuma saurin shiga ya rama shi. Wanda ke kwanto a wuri guda yana harbi daga nesa a kwance, shi ne zai ci cikakkiyar ribar tsohon samfurin soja.

Akwai kuma maratayan da aka yi don bindigogin yaƙi, masu maƙalawa wuri ɗaya ko masu zagaye jiki. An yi su ne don bindiga ta rataya a ƙirji hannu ya samu sakewa, kuma ba su da wani abin da za su ƙara wa mafarauci.

Mataki na huɗu: abin da aka yi shi da shi

Ƙa'idar ɗaya ce: kada ya miƙe. Maratayan roba mai laushi da suka cika kasuwa, waɗanda ke lotsawa suna sa bindiga ta yi kamar ba ta da nauyi, suna miƙewa ne da gangan, kuma abin da ke miƙewa ba ya kulle hannu. Haka nan masu faffaɗan matashi a kafaɗa waɗanda suka sirance a ƙarshe. Matashin yakan faɗo daidai inda ya kamata igiya ta naɗe wuyan hannu. Gwajin ba shi da wuya. Taka ƙarshe ɗaya da ƙafa, ka ja ɗayan da hannu biyu da ƙarfi. Idan ka ji yana biyo ka ko da kaɗan sa'an nan ya koma, ajiye shi.

Fatar saniya mai kauri milimita uku zuwa huɗu ita ce aka fi sani. Tana kama riga ba ta zamewa, tana da taurin da ke sa zobe ya tsaya a buɗe, kuma ba ta ƙara. Sabuwa takan ɗan miƙe a farkon amfani kafin ta zauna, don haka za a sake daidaita tsawo bayan wani lokaci. Saƙar auduga tana kama damtse da kyau amma tana shan ruwa. Saƙar nailan ba ta ruɓewa kuma tana da araha, sai dai mai santsi irin ta bel ɗin mota tana zamewa daga kafaɗa da damtse, kuma mai laushi sosai takan rufe zoben, sai ka tsaya kana lalube. Akwai kuma saƙa mai rufin roba da ake kira Biothane, wadda ke da taurin fata amma ruwa da gumi ba sa shigarta. Ga mai farauta a wuri mai laima ita ce mafi ƙarancin wahala. Game da faɗi, milimita 32 ya fi 25 rarraba nauyi a kafaɗa kuma bai cika cin damtse ba, amma a kan ƙaramar bindiga marar nauyi milimita 25 ya wadatar.

Wanda ke kusa da dukawan Kano ko Sakkwato ko Zinder zai iya sa a ɗinka masa irin Rhodesian ko na Whelen, tun da ba wani abu ba ne illa fata da huji da ɗinki. Sai dai ya yi wa baduku bayani filla-filla. Jar fatar akuya da aka san yankin da ita tana da kyau da laushi, amma tana miƙewa, don haka ado kawai za ta iya yi. Abin nema shi ne ƙirgin saniya da aka jeme sosai da bagaruwa, a yanko shi daga gadon baya a bi tsawon dabbar, domin fatar ciki sako-sako ce. Huji ya kasance da tazarar kusan santimita biyu, ɗinki kuma ya bi tsawon igiya, kada ya ratsa faɗinta, domin layin ɗinki da ya gitta fata yana zama inda za ta tsinke.

Mataki na biyar: ƙugiyoyi

Maratayi mai tsada a kan ƙugiya marar kyau asara ce, kuma haɗari ne, domin bindigar da ta suɓuce daga kafaɗa tana iya faɗuwa a kan bakinta ko a kan madubi. Nemi ƙugiyar ƙarfe, ba ta roba ba, mai ɗan maƙulli da ake murɗawa ya hana ƙofarta buɗewa. Idan irin mai maɓallin dannawa ce da ke shiga rami, ka tura ta har ka ji ta kama, sa'an nan ka fizge ta da ƙarfi ka tabbatar. Sukurun gaba shi ne ke shan wahala idan aka ɗame maratayi, saboda haka ya fi kyau ya zama mai noti ta ciki maimakon wanda aka ɗaura cikin itace kawai. Girgiza bindigar ka saurara. Duk abin da ya yi ƙara a ɗaki zai fi ƙara a daji da asuba, kuma ɗan ƙyalle ko zaren da aka naɗa a ƙugiya yakan kashe ƙarar.

Mataki na shida: daidaita tsawo da koyon shiga

A nan ne ake cin riba ko a yi asarar duk abin da aka saya. Sa rigar da kake farauta da ita, domin kaurin riga na sauya awo, ka tabbatar babu harsashi a bindiga, ka fuskantar da bakinta inda babu kowa. Fara da zama, tun da shi ne zaman da aka fi samu a daji: ka karkata jiki kaɗan zuwa dama daga inda kake auna, ka buɗe ƙafafu, ka sunkuya gaba yadda bayan damtse zai kwanta a gaban gwiwa. Kada ƙashin gwiwar hannu ya hau kan ƙoƙon gwiwar ƙafa, domin ƙashi a kan ƙashi mirginawa yake yi.

Riƙe bindiga da hannun dama, gindinta a cinya. Murɗa zoben rabin juyi zuwa hagu kafin ka zura hannu; wannan ne ke sa fatar ta kwanta shimfiɗe a bayan hannu maimakon gefenta ya yanke ka. Zura hannun hagu har zoben ya hau can saman damtse, sama da tudun tsoka, kusa da hammata. Idan ya tsaya a tsakiyar damtse zai danne jijiyar jini, sai ka ga saiti na tsalle tare da bugun zuciyarka, kuma zai riƙa zamewa zuwa gwiwar hannu. Daga nan ka kewayo da hannun ta waje, ka shigar da shi tsakanin maratayi da itacen gaba, yadda igiyar za ta ratsa bayan hannu da wuyansa. Bindiga ta kwanta a tafin hannu, yatsu a sake, gwiwar hannu kuma ta kasance kusan ƙarƙashin bindigar.

Alamar tsawo daidai ita ce sai ka tura gindin bindiga gaba da hannun dama kafin ya shiga kafaɗa, kuma da ya shiga, za ka iya sakin hannun dama gaba ɗaya bindigar ta tsaya a wurinta. Idan ta sauka ƙasa da ka saki tsokar hagu, zoben ya yi tsawo, rage huji ɗaya. Idan bindigar ta karkace gefe, ko hannu ya fara mutuwa cikin minti ɗaya, ko kafaɗa ta koma baya, ya yi gajere. Kwanciya takan so zobe ya ɗan fi na zama tsawo, amma mafarauci ba shi da lokacin sauya huji a gaban dabba, saboda haka ka daidaita shi a kan zaman da ka fi yi, ka koyi matsar da hannun hagu gaba ko baya kaɗan don sauran. Sai bayan zoben ya zauna ne za ka daidaita rabin baya don rataya, kuma a lokacin harbi rabin bayan ya kasance sako-sako. Yi wa hujin da ka zaɓa alama.

Abin da ya rage maimaitawa ne ba tare da harsashi ba: daga rataye, zuwa hannu, zuwa cikin zobe yayin da kake sauka ƙasa, har ya zama hannu na shiga da kansa idonka na kan abin da kake auna. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai saiti ya zauna.

Mataki na bakwai: gwaji da harsashi

Kafa allo a mita 100 a wurin da ke da tudun ƙasa a baya, ka liƙa takarda mai faɗin kusan santimita 20. Yi harbi biyar a zaune babu maratayi, biyar da shi, kowanne a takardarsa, sa'an nan biyar a kan jaka ko buhun yashi. Abu biyu kake dubawa. Na farko, ko ramukan sun matso kusa da juna da ka sa maratayi. In ba su matso ba, akwai gyara a tsawo ko a zamanka. Na biyu, kuma shi ne wanda ake mantawa, ko tsakiyar ramukan ta kauce daga inda take a kan buhu. Idan ta sauka ƙasa ko ta koma hagu da santimita da yawa, maratayin na jan bututu, sai a koma binciken mataki na biyu. Nisan da za ka iya zuba duka biyar cikin takardar daga zaman daji, shi ne iyakar nisan da ya kamata ka harbi dabba, ko da bindigar na iya kaiwa ninkinsa.

Ɗauka da kulawa

Hanyar rataya ma tana shafar saurin shiga. Rataya a kafaɗar dama baki sama ita ce aka fi sani, amma bakin na kama rassa kuma saukewa na ɗaukar lokaci. Rataya a kafaɗar hagu baki ƙasa, hannun hagu riƙe da itacen gaba, tana kawo bindiga kafaɗa da juyi ɗaya kuma tana hana ruwan sama shiga bututu, sai dai duk lokacin da ka tsuguna bakin na iya caka ƙasa, kuma harbi da bututun da ya toshe da laka na iya fasa shi. Ɗan salatif a kan bakin yana hana wannan, kuma iskar da ke gaban harsashi tana ture shi. Wajen tsallake rafi ko shinge ko hawa dutse, cire harsashi daga ɗaki tukuna.

Iskar hunturu tana busar da fata har ta tsattsage a bakin huji, laimar damina kuma tana sa ta fumfuna. Shafa ɗan man kaɗe kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Mai da yawa na sa fata ta yi laushi ta fara miƙewa, wanda ke ɓata aikinta. Idan ta jiƙe, a shanya ta a inuwa, nesa da wuta. Kafin kowace fita ka duba wurin da igiya ta lanƙwasa a cikin ƙugiya, domin a nan take fara cinyewa, ka kuma gwada sukurun gaba da na baya da yatsa ka ji ko sun fara juyawa.